Rumbun Unguwa da Baitulmali: Tarihin Karɓar 'Yan Gudun Hijira a Ƙasar Kazaure da Babura

Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura sun kwanta ne a wani lungu na arewa maso yammacin Jihar Jigawa, inda tsofaffin ƙasashe suka haɗa iyaka: Kano daga kudu, Katsina daga yamma, Daura daga arewa, Damagaram kuwa tana can bayan Daura. Ukun farko suna ƙarƙashin Masarautar Kazaure tare da 'Yankwashi. Babura tsohuwar ƙasar Kano ce, wadda ta koma ƙarƙashin Masarautar Ringim bayan an ƙirƙiri Jigawa a 1991. Wurin da yake haka ba ya rabuwa da baƙo. Idan yaƙi ya ɓarke a arewa, ta nan masu gudu suke ratsawa. Idan damina ta yi gardama a Damargu ko Azbin, nan ne ɗaya daga cikin zangunan masu neman hatsi kafin su isa Kano.

A 'yan shekarun nan manyan hukumomin agaji na duniya sun shiga muhawara kan wata tambaya: shin ya fi a tara kuɗin taimakon 'yan gudun hijira a hannun manyan ƙungiyoyi, ko kuwa a rarraba su ƙanana-ƙanana ga shugabannin da suke zaune a inda baƙin suka sauka? Wannan maƙala ta bi tarihin wannan yanki ne domin ta nuna cewa tambayar tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Abin da ya fi tserar da rayuka a nan shi ne ɗan abin da ya zo da wuri daga hannun makusanci, babban agaji kuwa ya sha isowa bayan an gama binne matattu. Sai dai wannan ɗan abin ma yana da sharuɗɗan da idan suka faɗi, shi ma ya faɗi.

Ƙasar da hijira ta haifa

Kalmar da Hausa ta zaɓa wa wanda ya tsere daga gidansa tana ɗauke da nauyin addini. Ba a tsaya ga ce masa mai gudu ba, sai aka ce ɗan gudun hijira, aka jingina shi ga fitar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina. Daular da ta mulki wannan yanki a ƙarni na 19 ita ma da hijira ta fara. A watan Zulƙida na 1218, wato Fabrairun 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Degel zuwa Gudu da jama'arsa, suka ɗanɗani yunwa da cuta a shekarun farko kafin su samu wurin zama. A 1806 ya rubuta Bayanu Wujubil Hijra. Shugabannin jihadi sun san ƙuncin baƙunta a jikinsu kafin su san daɗin mulki.

Amma jihadin da ya fara da masu hijira ya haifar da wasu masu gudun. Gidan sarautar Haɓe na Katsina ya koma arewa, ya kafa Maraɗi. Na Daura ya watse, zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure, maƙwabtan Kazaure da Babura ta arewa, har Turawa suka mayar da gidan kan gadon Daura a 1906. Ita kanta Kazaure a cikin wannan hargitsi aka haife ta. Ibrahim Ɗantunku, jagoran Fulanin Yarimawa a arewacin Kano, ya ƙi miƙa wuya ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819. Aka yi shekaru ana gwabzawa, ƙauyuka suka tashi, kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ta hanyar amincewa da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi, ya yi mulki har 1857, lokacin da mayaƙan Damagaram suka kashe shi. Magajinsa Muhammadu Zangi ya ci gaba da tare hare-haren arewa. Babura kuwa garin bakin daga ne na Kano, mai fuskantar wannan maƙiyin.

A irin wannan iyaka, mutane su ne dukiya. Ƙasa tana da yawa, hannu ne ya yi kaɗan. Sarkin da yake son garinsa ya tsaya dole ya samu masu noma a bayan ganuwa da masu riƙe baka a kanta. Saboda haka karɓar baƙo ta haɗa lada da maslahar mulki wuri guda, kuma ba laifi ba ne a faɗi hakan. Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa wa shugaba aikin raya garuruwa, da zaunar da masu sana'a, da kwaɗaitar da talakawa su nemi abinci su kuma adana shi domin gaba. Wannan nasiha ta ƙarshe ita ce gaɓar da tarihin yankin zai yi ta komawa kanta.

Abin da fiƙihu ya tanada

Malaman da suka riƙe alƙalanci da limanci a waɗannan garuruwa ba su rasa abin dogaro ba. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya matafiyin da guzurinsa ya yanke a cikin jinsuna takwas na masu cin zakka. Aya ta 6 ta wannan sura ta umarci a ba mai neman mafaka mafaka ko da mushiriki ne, a kuma isar da shi inda zai aminta. Suratul Hashri ta yabi Ansar saboda fifita masu hijira a kan kansu alhali su ma suna cikin buƙata. A ranar buɗe Makka, Ummu Hani'i ta ba wasu daga cikin dangin mijinta mafaka, Annabi ya zartar da mafakar tata. Daga nan da makamantansa malamai suka fitar da cewa bayar da aminci ga mutum ɗaya ko 'yan kaɗan bai tsaya ga shugaba kawai ba, talaka ma yana iya bayarwa.

Abin da ya fi shafar wannan nazari shi ne yadda mazhabar Malikiyya ta ɗaure zakka da wuri da kuma lokaci. A Mukhtasar na Shaihu Halilu, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da shi, wajibi ne a raba zakka nan take a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, kuma masu sharhi sun fassara kusancin da abin da bai kai nisan ƙasaru ba. Ba a kai ta nesa sai idan akwai waɗanda suka fi na gida tsananin buƙata, a nan sai a kai musu mafi yawanta. Nisabin hatsi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300, ana fitar da kashi ɗaya cikin goma daga noman damina, rabin haka daga noman da aka sha wahalar ban ruwa. Ma'anar wannan a aikace ita ce geron da aka noma a ƙasar Roni haƙƙin mabuƙatan da suke ƙasar Roni ne, kuma hukuncin bai tambayi inda aka haifi mabuƙacin ba. Baƙon da ya sauka jiya daga Damagaram yana cikin lissafi, ko dai a matsayin faƙiri ko a matsayin ɗan hanya.

Akwai kuma misalin da malamai suka san shi sarai, wato Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya koro mutanen ƙauye suka yi sansani a gefen Madina. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya aika wa gwamnoninsa, ciki har da na Sham, neman ɗauki, ayarin abinci kuma ya iso. Amma kamar yadda Ibnu Sa'ad ya kawo, ya naɗa mutane sanannu a kan kowane sashe na garin, suna raba abinci, da dare kuma su komo su ba shi rahoto. Haka nan an ruwaito cewa ya tanadi wani gida na musamman da ake ajiye gari da dabino da zabibi domin baƙo da wanda tafiya ta yanke masa. Babban agaji daga nesa, ƙananan wakilai a kusa, da ajiya tun kafin buƙata ta zo: dukkan ukun suna cikin wannan tarihi.

Su wa suka ɗauki nauyin?

A ƙauyen ƙasar Hausa, baƙon da ya iso da iyalinsa yakan fara da masallaci ko zauren mai gari. Liman ya sanar da jama'a, gidaje su fitar da tuwon dare. Mai unguwa ya nema masa ɗaki ko filin kafa bukka. Idan ya nuna niyyar zama, dagaci ya yanka masa daji ko ya ba shi aron saura, wani ya ranta masa iri zuwa kaka. Idan ɗan kasuwa ne, fatoma ya sauke shi, ya tsaya masa a ciniki. Yaransa kuwa tsangaya ba ta tambayar asalinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai a kira shi babbar kyauta. Dami biyu ne, ko tiya biyar, ko akuya a ba mace kiwo. Amfaninsu yana cikin lokacin da suka zo da kuma sanin da mai bayarwa ya yi wa mai karɓa. Mai unguwa ya san wanda ya kwana da yunwa, ya kuma san wanda ya ɓoye tumakinsa a daji ya zo yana kuka.

Bincike kan tattalin arzikin bakin Sahara, musamman na Paul Lovejoy da Stephen Baier, ya nuna cewa Azbinawa sun daɗe da ajiye mutanensu a ƙauyukan arewacin Kano da Katsina, ta yadda idan fari ya tsananta sai su gangaro da dabbobinsu su samu masauki da hatsi. Daga cikin zuriyar waɗanda suka gangaro suka zauna akwai Agalawa, waɗanda suka zama manyan fataken goro, kuma daga cikinsu ne Alhasan Ɗantata ya fito. Wanda ya tuna labarin Abdurrahman bin Auf, da ya gode wa ɗan'uwansa na Madina kan tayin rabin dukiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, zai ga kamanni a nan. Masauki da jingina ga wani amintacce sun isa su mayar da baƙo mai gida a cikin tsara ɗaya ko biyu.

Sai dai adalci ga tarihi ya hana a tsaya nan. Ba duk wanda ya cika garuruwan iyaka ne ya zo da ƙafarsa ba. Da yawa bayi ne da aka kamo a yaƙi aka zaunar. Mai gudun da ba shi da wanda zai tsaya masa yana iya wayar gari a kasuwar bayi, kuma a shekarun yunwa an sha jinginar da yara a kan hatsi. Zakkar da dagatai da hakimai suke tarawa ba duka take komawa ga faƙirai ba, wani kaso yakan maƙale a gidajen masu sarauta. Tsarin ya dogara ne ƙwarai ga tsoron Allah na mutum ɗaya, kuma idan aka yi rashin sa'ar mutumin, baƙo ba shi da inda zai kai kuka sai gaban alƙalin da bai san shi ba. Duk da haka, hatsin yana nan a rumbunan da ke kusa, a hannun mutanen da idon jama'a yake kansu.

Kakalaba

Wannan shi ne abin da mulkin mallaka ya taɓa. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano a 1903, yarjejeniyoyin 1904 da 1906 kuma suka ja layi tsakanin dangi da dangi. Dokar haraji ta 1906 ta buɗe hanyar haɗe kuɗin ƙasa da zakka da sauran kuɗaɗen da ake karɓa su zama haraji guda, sannu a hankali kuma aka nace sai a biya da tsabar kuɗin Bature. Aka kafa taskar En'e, aka bar mata sunan Baitulmali, amma aikinta ya koma biyan albashi da gine-gine, kusan rabin abin da aka tara kuma yana tafiya ga gwamnatin mallaka. Sunan na Musulunci ne, jinsunan nan takwas kuwa ba su cikin kasafin. Manomi ya koma sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, domin ya biya haraji. Zakka ta zama abin da mutum yake fitarwa tsakaninsa da Ubangijinsa bayan ya sallami mai karɓar haraji, idan wani abu ya rage.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a kakar 1912, manoma da yawa suka ƙara wa gyaɗa fili. Sai daminar 1913 ta ƙi. Yunwar da ta biyo baya, wadda Hausawa da dama suke kira Kakalaba, ta mamaye bakin Sahara gaba ɗaya, ta fi tsanani a arewa. Dubban mutane daga ƙasar Faransa suka gangaro kudu ta hanyoyin da kakanninsu suka saba bi, suka iske rumbunan masu masaukinsu a buɗe, ba kome ciki. A. C. G. Hastings, wani jami'in mallaka da ya yi aiki a Lardin Kano a lokacin, ya bayyana yadda mutane suka riƙa fasa gidajen tururuwa domin 'yan ƙwayoyin da ke ciki, da yadda gawawwaki suka zube a kan hanyoyi da kasuwanni. Aka koma cin ƙarangiya da anza da ganyayen daji. Gwamnatin da take ta hidimar haɗe Arewa da Kudu a farkon 1914 ta makara wajen gane girman abin, kuma ɗan abincin da ta turo ta jirgin ƙasa bai taka kara ya karya ba, ballantana ya kai ƙauyukan da suke tafiyar kwanaki daga tasha.

Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya tafi a kan cewa fari ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, abin da ya sauya shi ne ƙarfin jama'a na jure masa, kuma haraji da kasuwa su ne suka rage wannan ƙarfin. Ana iya yi masa gyara cewa ya ɗan ƙawata zamanin da ya gabata, domin kafin Turawa ma yunwa ta kashe mutane. Amma jigon maganarsa yana da wuyar turewa. Karimcin mutanen Kazaure da Babura bai ragu a 1914 ba. Abin da za su yi karimcin da shi ne aka riga aka mayar kuɗi aka kai birni. Shugaban unguwa mai kyakkyawar niyya da rumbu wayam ba ya ceton kowa.

Gudun bai tsaya a nan ba. Bayan murƙushe tawayen Kawusan a Agadas a 1917, mutanen Azbin da yawa sun tsero zuwa Arewacin Nijeriya. Aikin tilas da ɗibar soja a ƙasar Faransa sun ci gaba da koro mutane har aka soke aikin tilas a 1946. Akasarin waɗannan ba wata hukuma da ta rubuta sunansu. Sun narke cikin unguwanni, jikokinsu a yau 'yan gari ne.

Daga farin 1973 zuwa rufe iyaka

Farin 1972 zuwa 1974 ya zo a zamanin da gwamnati take da kuɗin mai. An kafa kwamitocin agaji, an raba hatsi, gwamnatin Audu Baƙo a Jihar Kano kuma ta duƙufa kan madatsun ruwa irin su Tiga da Tomas. Duk da haka, Michael Mortimore, wanda ya bi ƙauyukan arewacin jihar a waɗannan shekaru, ya iske cewa abin da ya fi riƙe mutane shi ne dabarunsu: cin rani, sayar da dabbobi, ƙananan sana'o'i, da taimakon dangi. Agajin gwamnati ɗan ƙaramin kaso ne na abin da aka ci. Buzaye da Fulanin da dabbobinsu suka ƙare a Nijar sun cika garuruwan Arewa suna gadi da ga-ruwa, kuma masaukinsu na farko zauruka ne da harabar masallatai.

Farin 1984 ya zo da darasi na daban. A watan Afrilun shekarar gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris 1986, a 1985 kuma aka umarci baƙi kimanin 700,000 da ba su da takardu su fice. Hanyar da talakan Damagaram ya gada ta tsira daga yunwa ta toshe a daidai lokacin da ya fi buƙatarta, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari. A nan an ga iyakar ikon mai unguwa ta wata fuskar. A 1914 an bar masa ƙofa a buɗe aka ɗebe hatsin, a 1984 kuwa doka ce ta ce baƙon nasa mai laifi ne. Amincin da fiƙihu ya ba talaka damar bayarwa ya ci karo da dokar shige da fice ta ƙasar zamani, wadda ba ta san da shi ba.

Komawar zakka, da muhawarar yau

Bayan dawo da shari'ar Musulunci a jihohin Arewa daga 1999, zakka ta sake samun tsari. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. A Jigawa kuwa aikin ya fi tafiya ta hannun masarautu, ciki har da ta Kazaure a ƙarƙashin Sarki Najib Hussaini Adamu, wanda yake kan gado tun 1998. Kwamitoci suna tattara zakkar hatsi da ta dabbobi da ta kuɗi ta hanyar hakimai da dagatai da limamai, ana kuma rabawa gunduma-gunduma. Wannan ya dace da ƙa'idar Malikiyya ta raba zakka a inda ta fito, kuma shi ne mafi kusa da abin da dokar 1906 ta rushe.

A wannan tsakanin kuma alƙiblar gudun ta juya. Daga 2014 rikicin Boko Haram ya raba miliyoyin mutane da gidajensu a arewa maso gabas, mafi yawansu kuma gidajen jama'a ne suka ɗauke su maimakon sansanoni. A 2019 hare-haren 'yan bindiga a Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kora mutane fiye da 40,000 zuwa Jihar Maraɗi cikin 'yan watanni, musamman yankin Gidan Rumji. Garin da masu gudu daga Katsina suka kafa shekara ɗari biyu da suka wuce ya sake karɓar masu gudu daga Katsina. Ƙauyukan bakin iyaka ne suka fara sauke su suka ciyar da su, kafin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar su mayar da wasunsu garuruwa irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka zaunar da su tare da 'yan gari.

Hukumomin duniya sun fara yarda da abin da wannan tarihi yake nunawa. A taron ƙoli kan ayyukan jin ƙai da aka yi a Istanbul a watan Mayun 2016, manyan masu bayar da agaji sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin cikin gida ta hanya mafi gajarta. Wa'adin ya wuce, abin da yake isa hannunsu kai tsaye bai kai kashi 5 ba. Hukumar 'yan gudun hijira ta buɗe asusun zakka a 2019, daga baya kuma ta fito da tsarin ba ƙungiyoyin da 'yan gudun hijira suke jagoranta tallafin 'yan dubban daloli ba tare da dogayen sharuɗɗan da ake gindaya wa manyan ƙungiyoyi ba. Dalilin da masu kuɗi suke bayarwa na jan ƙafa shi ne tsoron almundahana da rashin iya rubuta rahoto. Tsoron ba na banza ba ne, tarihin zakkar da take maƙalewa a gidajen sarauta shaida ne. Amma maganinsa ma yana cikin tarihin: wakilan Sayyidina Umar sanannu ne, kuma kowane dare suna kawo lissafi. Rabon da aka yi a ƙofar fada ko harabar masallaci, aka kira suna aka auna a gaban jama'a, yana da shaidun da takardar da aka aika wata ƙasa ba ta da su.

Inda aiki ya rage wa malamai

Akwai wurare biyu da tsarin zakka kaɗai ba zai wadatar ba, kuma dukkansu mas'alolin fiƙihu ne kafin su zama na gudanarwa. Na farko shi ne abin da za a yi da kuɗin. Shaihu Yusuf Alƙardawi, a cikin Fiƙhuz Zakat, ya shigar da waɗanda aka kora daga ƙasashensu cikin ma'anar ɗan hanya, saboda haka ba Musulmi mai gudun hijira hatsi ko ɗan jari daga zakka ba shi da wata matsala. Amma a mashhurin mazhaba zakka haƙƙin mutanen da aka ambata ne, ba a gina ganuwa ko masallaci da ita, ba a kuma ba wanda ba Musulmi ba ta fuskar talauci. Ƙaramin tallafin da ƙungiyar unguwa take nema domin haƙa rijiya a inda baƙi suka sauka, ko ƙara aji a makaranta, ko taimaka wa baƙon da ba Musulmi ba, dole ya fito daga sadakar ganin dama ko waƙafi ko taskar gwamnati. Kwamitin da ya cakuɗa asusun biyu ya jefa zakkar mutane cikin shakka, wanda kuma ba shi da asusu na biyun zai yi ta mayar da buƙatu na gaskiya hannu rabbana.

Na biyu shi ne lokaci. Zakkar hatsi tana fita da kaka, kuma hukunci ya ce a raba ta ba jinkiri. Mai gudun yunwa kuwa da bazara yake zuwa ko tsakiyar damina, wata shida ko bakwai bayan an share rumbun kwamiti, mai gudun 'yan bindiga kuma ba shi da wata. Jerin sunayen masu karɓa da mai unguwa yake rubutawa da kaka na mazauna ne, wanda bai iso ba tukuna ba ya ciki. Wannan giɓi ne gidan garin Sayyidina Umar ya cike a Madina, shi ne kuma Muhammadu Bello yake nufi da adana abinci domin gaba. Malikiyya sun halatta waƙafin hatsi da na kuɗi domin a riƙa rantawa ana mayar da kwatankwacinsu, wanda yake nufin rumbun hubusi a kowace gunduma, a hannun liman da dagaci da wakilin 'yan kasuwa, yana da madogara a cikin mazhaba. Ko shugaba yana da ikon ware kason ɗan hanya daga zakkar kaka ya riƙe shi zuwa bazara, saboda maslahar da ta bayyana a ƙasar da take kan hanyar masu gudu, mas'ala ce da take jiran fatawar malaman masarautun Kazaure da Ringim.